Ranar Da Motar Nomau Ta Ƙi Tashi

Shekara ashirin da shida ni ce bakin ƙanena Nomau. Ba wai bebe ne ba, ina! Mutumin da in yana ciniki a kasuwar Cadawa ana jin muryarsa tun daga bakin rijiya. Amma da ɗansa na fari ya shigo wuri, sai harshen ya naɗe, sai a ce a nemo Lantana.

Kunyar ɗan fari kowa yana yinta a garinmu, ban ce laifi ce ba. Uba ba ya kiran sunan yaron, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa gaban mutane. Galibi dai in yaro ya fara gemu sai abin ya sassauta, a riƙa cewa kai zo nan, kai je can. Nomau shi kam ya kai abin inda kakanninmu ma ba su kai shi ba. Ranar Laraba aka haifi yaron, muka riƙa kiransa Balarabe, to tun daga ran nan Laraba ta fita daga bakin Nomau. Sai ka ji ya ce zai je Agie ranar da ke bin Talata. Da aka yaye yaron ni aka ba riƙonsa, kamar yadda aka saba, ya girma a ɗakina. Gidana da na Nomau darni ɗaya ne ya raba su.

Sai ka ga uba zaune kan tabarma, ɗa tsugune taku uku daga gare shi, ni kuma an taso ni daga murhu ina tsaye a tsakiya da ludayi a hannu. Nomau ya dubi bango ya ce, "Yaya, gaya wa mutumin naki a kai jaki rijiya." In juya in gaya wa yaron abin da ya riga ya ji. Yaro ya ce to. In sake juyawa in ce ya ce to. Tuwona nawa ya ƙone a wannan hidima, Allah kaɗai ya sani.

Nomau yana da mota, ita kaɗai ce ta mutumin gari a lokacin. Ƙarama ce mai buɗaɗɗen baya. Da can yana tuƙa ta ne wa wani Nasara mai sayen gyaɗa, da maganar 'yancin kai ta yi ƙarfi Nasara ya haɗa kayansa, motar ta dawo hannun Nomau. Yana ɗaukar mutane da buhuna zuwa Agie da Gazawa, wani lokaci Maraɗi. Tuƙi kam ya iya, ba na rage masa. Amma in ka ɗaga murfin gaba ka nuna masa abin da ke ciki, kallonsa yake kamar hanjin rago.

Balarabe kuwa shekara bakwai ya yi a wani garaji a Maraɗi yana koyon gyaran mota. Ya dawo da akwatin ƙarafa, ya kafa sana'arsa ƙarƙashin gawon bakin hanya. Masu manyan motoci daga Damagaram suna tsayawa wajensa, suna tafiya suna sa masa albarka. Mutum ɗaya ne a duk ƙasar nan bai taɓa kai masa mota ba. Wai kada a ce yana taƙama da ɗansa. Da idona na ga ranar da motar ta lalace, ƙarti shida suna tura ta, aka zo wucewa ta gaban gawon, Nomau ya juya kai ɗaya gefen yana kallon gonar wake kamar bai taɓa ganin wake ba. Balarabe yana tsaye da ƙarfe a hannu har suka wuce. Ran nan bai ci abinci ba.

Ba a daɗe ba ya zo ya same ni ina tankaɗe, ya ce wani mai garaji a Katsina ya aiko masa, kuma ya amsa. Ranar Asabar kamyon Mudi direba, babbar motar kaya, zai tafi can, da shi za a tafi. Na ajiye rariya. Ni ban haihu ba, wannan yaron shi ne duk abin da nake da shi, kuma na san yadda tafiyar nan take. Yanzu an ce nan ƙasa daban can ƙasa daban, ga 'yan duwan masu tsare kan iyaka, ga takardu. Wanda ya je sai ya yi aure can, sai dai a gan shi ranar gaisuwar mutuwa. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce nonon da ban ba shi ba ma zai kama shi. Ya bari na gama.

Ya ce, "Gwaggo, ba yabo nake nema ba. In ya ce mini zauna da bakinsa, ko kalma ɗaya ce, na zauna."

Na haura gidan Nomau na zazzage masa duka. Ya saurara yana jan tasbaha, sannan ya dubi rumbu ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na ce masa kai dai anya an wanke ka da ruwan mutane kuwa? Ya ci gaba da jan tasbaharsa. Matarsa Rakiya, uwar yaron, ita ce ta gaya mini daga baya wai kwanon tuwonsa yadda aka kai haka aka ɗauke.

Ana cikin wannan sai ga fet, wato bikin gwamnati. Ranar Alhamis ce, shekara ɗaya cif da samun 'yancin kai. Duk garin aka tattaru a filin lakol, makarantar boko, an ɗaga tuta, 'yan lakol suna ta buga ƙafa a ƙasa suna waƙa da Faransanci, makaɗa suna nasu a gefe. Ko tsofaffin da ba sa gani sai da aka jawo su. Nomau ya bar mota a ƙofar zaurensa, makulli kuwa yana rataye a wuyansa da igiyar fata, nan yake ajiye shi ko wanka zai yi.

Muna tsaye sai ga mota ta bi ta gefen fili a guje. Mutane suka ɗauka cikin shagalin ne, aka yi ta tafi, mata suka rangaɗa guɗa, har da ni, Allah ya yafe mini. Nomau yana kusa da ni, ya bi ta da kallo, ya ce wa na gefensa wannan mota sai ka ce tasa, har lotsewar ƙofar. Ya shafa wuyansa ya ji makulli, hankalinsa ya kwanta, ya ci gaba da tafi. Sai da ta sha kwana ya hango buzun sallarsa yana lilo a baya.

Ban taɓa sanin Nomau yana gudu ba sai ran nan. Duk filin aka watse aka bi shi, aka bar 'yan lakol suna waƙa su kaɗai.

Ɓarawon baƙo ne, bai san garin ba. Ya bi hanyar fadama, ga shi an kwana biyu ana ruwa, motar ta nutse cikin laka har ciki. Da ya ji hayaniya ya fita ya faɗa cikin gero, kuma gero a watan nan ya fi mutum tsawo, ba a sake ganinsa ba. Muka tarar da motar lafiya, sai wurin da ake sa makulli, wanda suke kira kontak. Ya sa ƙarfe ya farfasa shi, ya zaro wayoyi ya haɗa, da motar ta kafe kuma ya fizge su don haushi. Suna reto ƙarƙashin bolan, wato sitiyari, kamar saiwar da aka tumɓuke. Shanun noma biyu aka kawo suka ja ta zuwa ƙofar gida.

Kowa a wurin ya san wanda ya kamata a kira. Yana ma tsaye cikin taron, hannunsa a baya. Nomau ya dudduba, ya tsallake shi da ido, ya ce a kira Usmanu maƙeri.

Usmanu mutumin kirki ne, hauyarsa ba ta da na biyu, kuma yana gyara kwaɗon ƙofa. Ya leƙa, ya ce ai kontak ɗin nan kwaɗo ne kawai da ya yi girman kai. Ya naɗe hannun riga, ya kama wayoyi biyu da suka yi masa kama da juna ya murɗe su. Nan take kilakson, wato ham ɗin motar, ya ɗauki kuka, kuka kuma ba tsayawa. Jakuna suka amsa daga kowane gida. Usmanu ya ce a yi haƙuri, ya kamo ta uku ya ƙara. Wuta ta yi tartsatsi, hayaƙi ya tashi, gefen gemunsa ya tafi. Kilakson ya yi ta yi har muryarsa ta dushe don kansa.

Da ya ga gyara ya gagara sai ya koma inda ya fi ƙarfi. Ya ce babban abu dai kada a sake sacewa, kuma abin da ake yi wa raƙumi shi za a yi mata. Kafin la'asar ya ƙero sarƙa mai kauri, ya yi wa motar dabaibayi, ƙafar gaba da ta baya, ya ɗaure a jikin itacen bedi. Nomau ya zagaya ya gyaɗa kai. Na ce masa madalla, motar da ba ta tashi an ɗaure ta kada ta gudu. Ya ce mata ba su san harkar mota ba.

Da safiyar Juma'a ina ba akuyata dusa sai ga shi ya tsaya jikin darni. Bai dube ni ba, akuyar ya duba. Ya ce mata da a ce akwai wanda ya san kan waya a unguwar nan, da ba wanda zai hana shi dubawa. Ya juya ya tafi.

Na kai saƙon. Balarabe ya tambaye ni ko shi aka ce a gaya wa. Na so in yi ƙarya, amma yaron ya san fuskata. Na ce gaskiya da akuya aka yi maganar. Ya yi 'yar dariya wadda ba daɗi a cikinta, ya ɗauki akwatinsa.

Na zauna kusa ina kallo, yana yi yana gaya mini, don shi in yana aiki bakinsa ba ya shiru, nan ya biyo ni. Ya ce wayoyi uku ne masu muhimmanci. Ɗaya ta kawo wuta daga batir, ɗaya ta kai ta wurin da ke ba inji tartsatsi, ɗaya kuma ta tashe shi. Kontak shi ne mai haɗa su in an murɗa makulli. Ya warware ƙullin Usmanu, ya yanke inda ya ƙone, ya feƙe bakin kowace waya, ya naɗe da zaren roba da ya yanko daga tsohuwar tayar ciki. Ya cire fasasshen kontak ɗin guntu-guntu. A ƙasan akwatinsa akwai wani da ya ciro daga wata matacciyar mota tun yana Maraɗi, da makullinsa, ya goge shi da kananzir, ya ɗan faɗaɗa ramin da zarto har ya zauna daram. Batir ma sai da ya aro na wani mai kamyo, don kukan jiya ya shanye na motar.

Na tashi ɗebo masa ruwa, na zagaya ta bayan darni, sai na ci karo da Nomau. Ya durƙusa, ya manna ido a wata 'yar kafa, bakinsa har kunne. Wallahi ban taɓa ganin wannan fuskar a gare shi ba. Na yi gyaran murya. Ya zabura, ya kama karan darnin yana jijjigawa, wai gara ta ci shi, dubawa yake.

Bayan an sauko daga masallaci Balarabe ya shige cikin motar, ya rufe ƙofa, ya daɗe yana ƙwaƙule-ƙwaƙule inda ba na gani. Da ya fito na tambaye shi, ya ce maganin ɓarawo ya sa. Wani ɗan maɓalli ne ya ɓoye a kan wayar tartsatsi. In an kashe shi, ko makullin gaske ne a hannunka, inji zai yi ta tari ba zai kama ba. Na ce a ina yake? Ya ce, "Gwaggo, abin da kika sani da safe, kafin azahar masu awon gero sun sani." Na ɗaga ludayi, ya kauce. Ya ce wannan magana daga bakinsa sai kunnen mai mota, in ta bi ta wani ta lalace.

Ya murɗa makulli, motar ta tashi lafiya lau, muryarta ma ta fi ta da. Ya kwance sarƙar Usmanu, ya kashe mota, ya kashe maɓallin nan nasa, ya miƙa mini makullin in kai wa uban. Da yamma kuma na ga ya je ya tsuguna a bakin zaure inda uban ke zaune, ya ce Baba, akwai magana a kan motar. Nomau ya miƙe tsam, ya ɗauki buta, wai lokacin salla ya yi. Rana kuwa ko ja ba ta fara ba. Sau biyu yaron yana komawa, sau biyu ana alwala.

Asabar da hantsi aka cika motar Nomau da masu zuwa Gazawa, mata da ƙwarya, maza da buhuna, da wani tsoho mai zabi huɗu. A ɗaya gefen hanya kamyon Mudi yana lodi. Balarabe ya riga ya hau can sama kan buhuna, akwatinsa a gefe. Ni ina tsaye tsakanin motocin biyu, idona ya kumbura.

Nomau ya shiga da sabon makulli, ya yi bisimilla, ya murɗa. Inji ya yi gurr gurr ya yi shiru. Ya sake. Ya sake. Ya fito ya ɗauko ƙarfen da ake juyawa ta gaba, ya yi ta juyi har rawaninsa ya warware. Ya ce maza su sauko a tura. Aka tura ta har bakin kasuwa, aka turo ta baya, aka sake. Tsohon nan mai zabi ya ce shi da ya san turi zai yi da ya taho da jakinsa. Usmanu ya matso zai ba da shawara, mutane suka riƙe shi.

Can Nomau ya zo kusa da ni, gumi yana ɗiga daga gemunsa, ya rage murya. "Yaya, tambayi mutumin naki abin da ya yi wa motar."

Ban shirya abin da na faɗa ba, fitowa ya yi. Na ce, "Nomau, Nasara ya tafi, tafintan kwamanda ma ya koma gona. Ni ma na ajiye. Ga ka, ga shi."

Ya dube ni kamar na mare shi. Ya juya wajen Usmanu, Usmanu ya ce shi tun shekaranjiya kunnensa bai dawo daidai ba. Ya juya wajen mai zabi, tsoho ya ce shi baƙo ne, bai san mutanen garin ba, alhali tare suka yi kaciya. Kowa ya gane abin da ake ciki, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Har gida ya aika a kira Rakiya. Ita da tata kunyar ta fi tasa, da ta ji abin da ake so ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma da gudu. Ya tsaya gaban motar ya ɗaga murya, ya ce wa motar in akwai wanda ya san ciwonta ya faɗa don Allah. Motar ba ta ce komai ba, na saman kamyo ma haka.

Mudi ya gama ɗaure kaya, ya shiga, ya tayar da kamyo.

Na ga ƙanena ya tsallaka hanyar nan. Taku goma ne, amma ya daɗe yana yinsu. Ya tsaya jikin kamyon, bai ɗaga kai ba, tayar yake kallo. Ya buɗe baki ya rufe. Ya ce, "Kai."

Balarabe yaro ne mai ladabi, ni na rene shi. Bai iya barin ubansa tsaye cikin rana gaban mutane yana neman kalma ba. Ya sunkuyo sosai yadda ba wanda zai ji, ya gaya masa inda maɓallin yake. Na ga Nomau ya gyaɗa kai. Na ce shi ke nan, sakaran yaro ya ba da abu ɗaya da yake riƙe da shi. Yanzu mota za ta tashi, Nomau ba ya da sauran dalilin tsayawa a wurin. Mudi ya sa giya, kamyo ya fara motsi.

Nomau bai koma ba. Ya kama ƙarfen jikin kamyon da hannu biyu, yana binsa da sassarfa, takalminsa ɗaya ya fita. Ya ɗaga kai, ya dubi ɗansa a ido.

"Ba wannan na zo tambaya ba. Sauko, Balarabe. Ka zauna."

Da muryar kasuwa ya faɗe shi, wadda ake ji daga bakin rijiya. Mudi ya taka birki har buhuna suka zame. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi guɗa. Balarabe ya miƙo akwatin, uban ne ya karɓa, ya ɗora a kansa kamar ɗan dako, da nauyinsa da komai, ya juya ya tsallako hanya da takalmi ɗaya, ɗan yana biye.

Da suka iso motar Nomau ya ajiye akwatin a baya, ya cire igiyar makulli daga wuyansa ya sa a hannun yaron, ya zagaya ya shiga ɗaya gefen. Matafiya suka hau. Balarabe ya laluba maɓallin da ya ɓoye, motar ta tashi a murɗa ɗaya. Da suka zo wucewa ta gabana na hango su, ɗa yana kallon hanya, uba ya juya fuska waje yana goge ido da bakin rawani. Ni kuwa na zauna nan bakin hanya cikin ƙasa, na yi kukana har ya ishe ni.